Batirin Nomau

Nomau ya dawo daga birni da batiri
da waya biyu, ja da baƙa.
Ya ce, "Iya, jiran nan asara ne,
lantarki zai tsufar da giya kafin rana ta faɗi."

Ya tsoma su a randa.
Ta yi tsuwa, kumfa ta taso.

Da yamma Jatau ya karɓi ƙwarya,
ya kurɓa, ya riƙe a baki,
ya daɗe yana duban ƙasa:
"Furfura ce a kan jariri."

Akuya ma shinshinawa ta yi, ta wuce.

Na jiƙa sabuwar dawa.
Batirin yana kasuwar Karaye yana cajin waya.
Randata kuwa, na rufe ta da faifai,
ba ta son a leƙa.