Gwangwanin Rabe

Laraba ce. Na riga kowa zuwa.
Na ja kujerun roba, na yi da'ira,
tara ne, ɗaya an ɗaure ƙafarta da waya.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit,
sai hon ɗin masu Keke daga Ƙofar Ƙaura.

Dokarmu ɗaya, mun maimaita ta:
abin da ya faɗi a ɗakin nan
ba ya bin kowa zuwa gida.

Kowa da gwangwaninsa na madara.
Mako ya wuce ba ka sha ba,
ka jefa ƙwallon dabino guda.
Na Lawandi tela ya fara nauyi.
Na Sada biyu ne kacal a ciki,
shi ya sa ya fi na kowa ƙara.

Rabe ya shigo a makare,
hula a hannu, idanu jajur.
Sha bakwai ya tara. Ya ce,
"Malama, jiya na koma.
An yi sunan ɗan ƙanena,
kowa ana miƙa masa jariri ya riƙe,
da aka zo kaina, sai aka tsallake."
Ya kife gwangwanin a kan siminti.
Ƙwallaye suka watse ko'ina.

Akwai magana a bakina,
irin wadda aka koya mana a kwas,
na san har shafin da take.
Na haɗiye ta.
Sai da na shekara shida a aikin nan
na gane shiru ma magani ne,
mai bayarwa ke jin ɗacinsa.

Baba Ɗanjuma, tsohon direban tirela,
wanda ƙwaya ta raba da sitiyari,
ya durƙusa, gwiwa na ƙas-ƙas,
yana tsinta ɗaya bayan ɗaya.
"Yaro, makonnin nan ka riga ka yi su.
Jiya ba ta da hannun kwashe su."
Lawandi ya sauko. Sada ya sauko.

Sha shida muka samu.
Muka duba bayan ƙofa, babu.
Rabe ya yi 'yar dariya, ya goge hanci da hula.

A rahoto na rubuta: mutum takwas,
an tattauna batun komawa shaye-shaye.
Takardar ba ta bar gurbin sauran ba.

Da magariba, ina cire takalmi a gida,
sai ga na sha bakwai maƙale a ƙasansa.
Na wanke shi, na sa a jaka.
Allah ya kai mu Laraba.