Idon da Ya Yi Raɓa

Kwana huɗu ke nan marka ba ta ɗaga ba.
Gishiri ya narke a gwangwani,
ashana sai an ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama,
ƙofar ɗakina ta kumbura, sai an sa kafaɗa.
Lungunmu na Fagge ya koma rafi.

A irin daren nan na so jin muryar Baffa.

Faifai ɗaya ne tak, ba shi da ɗan'uwa.
Sagir ya naɗa shi shekarar da ciwo ya soma,
ya rubuta a bayansa da jan alƙalami: Tashoshi.
Shekara talatin da ɗaya Baffa na huda tikiti
a jirgin Kano zuwa Nguru,
duk hanyar tana bakinsa kamar carbi.

Na'urar a ofis ta wuni, can Bompai,
ƙarƙashin sanyin iyakwandishan.
Na cusa ta a jaka, na ratso yayyafi da ita.
Na saka faifai. Ya juya, ya yi shuuu, ya tsaya.
Allo ya ce babu komai a ciki.
Ga shi kuwa ina kallonsa!
A karo na uku Baffa ya buɗe baki:
"Jogana, Zakirai, Dabi, Rin... Rin... Rin..."
Jirgi ya maƙale, bai shiga Ringim ba.
Na zare waya da sauri,
kamar wadda ta taka wani a duhu.

Da safe sai rumfar Ubale, bayan Bata,
inda rediyoyi ke jere, hanjinsu a waje.
Bai taɓa sukundireba ba.
Ya ce, "Ina ta wuni jiya?"
Na faɗa masa.
Ya ɗaga gorar zoɓon da ya saya yanzun nan,
jikinta sharkaf, tana ɗiga a kan benci.
"Hajiya, wa ya zuba wa wannan ruwa?
Ba kowa. Iskar damina da kayanta take yawo,
duk inda ta sami sanyi, nan take saukewa.
Na'urar nan tana da ido, bai kai ƙwayar wake ba,
da shi take karatu.
Ta fito daga sanyi ta faɗa laima,
sai idon ya yi raɓa.
Ba makanta ba ce."

Na miƙa gefen mayafi.
"A'a! Kar ki goge, ki bar masa tabo.
Buɗe murfin, jona ta, ɗuminta zai shanye.
Kuma ki daina kwantar da ita jikin bangon da ke tsatsafo,
tsatsa ba ta sallama, fumfuna ma haka.
Ƙullin ƙwayoyin nan da ke zuwa a kwalin takalmi,
ki jefa mata biyu a jaka."

Na ciro kuɗi.
Ya ce, "Na me? Jira ne maganin,
ni kuwa ba na sayar da jira."

Muka zauna.
Ruwa na kiɗa a kwanon rufi,
ɗan adaidaita na zagin rami,
Ubale na liƙa dalma a cikin wata tsohuwar fanka.
Sa'a guda, ko ta ɗan gota.

Ya danna.

"Jogana, Zakirai, Dabi, Ringim, Taura."
Tari. Ƙarar cokali a kofin shayi.
"Gagarawa. Nan ne ruwa ya taɓa tsare mu kwana biyu,
muka cinye gyaɗar wani Babarbare, muka biya shi a Nguru."
Dariyarsa ta cika rumfa.

Ubale ya ce, "Duba lambar da ke tafiya a allo,
ki ga ko tana tsalle."
Na duba.
Na sake dubawa.
Kore-kore kawai nake gani, yana rawa.

Bai ce komai ba.
Ya tura mini benci kusa,
ya koma kan fankarsa.