Ƙarfe Bakwai a Duluth

Tun Nuwamba Linnea ta miƙa takardunta,
jami'a ɗaya tak, ta sa hannu:
in an ɗauke ta, ba ja da baya.

Yau dusar ƙanƙara ta binne motarmu.
Ƙarfe bakwai, in ji su.
Miya ta huce a kwano.
Ta kife wayar, ta juyo ta, ta sake kifewa,
ta cinye farcen babban yatsa.

Na ce, "Rabonki ba ya wuce ki."
Ta ce, "Baba, don Allah."

Sai na ɗauki shebur na fita.
Ina kwasa, kunnena na kan taga.
Bakwai da minti biyu.
Shiru.
Ban san wane irin shiru ba ne.