Ruwan da Ba a Hura wa Wuta

Mudassir ya aiko hotuna uku daga Japan.
Ya ce, Iya, zaɓi masauki ɗaya,
in biza ta fito can zan kai gwiwarki ta huta.
Sahura ta riƙe mini wayar a gindin rumbu,
nan kaɗai sabis ke kamawa a gidanmu,
sai ko kan dutsen da ke kallon Riruwai.

Wai ruwa ke fitowa daga cikin dutse da zafinsa.
Na ce, wa ke hura masa wuta?
Ta ce babu.
Na ce, wa ke yo itacen?
Ta yi dariya har wayar ta karkace.

Shekara arba'in da biyu ina dafa ruwan jego.
Rabin garin nan ni na fyaɗa wa uwayensu ganyen runhu,
asuba da la'asar, kwana arba'in ba fashi.
Na san kuɗin tukunya guda:
damin marke, hawa da saukowa,
gammo, da wuyan da ba ya waiwaye sai da kafaɗa.
Ashe akwai inda Allah ya ɗora tukunya da kansa
bai sauke ba tun ran da ya kafa duwatsu.

Na farko bene ne kan bene, fitilu kamar gidan biki.
Na ƙirga matakala goma sha tara kafin ƙofa.
Na ce, wuce.
Gwiwar da aka kawo magani
ba ta biyan haraji a bakin ƙofa.

Na biyu kwaminsa a fili yake,
baƙin dutse, tururi na tashi,
gajimare can ƙasa da ƙafar mutum.
Kyau kam ba magana.
Sai dai ban ga zana ba, ban ga katanga ba.
Sahura ta karanta: mata daban, maza daban.
Na ce, to biri fa?
Na dutsenmu ma in ya ga tsohuwa zama yake ya yi kallo.

Na uku ƙarami ne,
rufinsa ya sunkuya kamar na ɗakin kakata.
Takalma jere a waje, hancinsu na duban hanya.
Tabarma har bango,
katifa a ƙasa, ba gadon da zan faɗo.
A gefen hoton wata tsohuwa ta durƙusa tana ajiye kwano,
ba ta ma san an ɗauke ta ba.
Na ce, matso min da ita.
Yatsunta sun kumbura a gaɓa irin nawa.
Wannan hannun ya san ruwa.

Tambaye shi, ina gabas a ɗakin?
Akwai buta?
Za su bar ni in shiga da zane ɗaure a ƙirji?
Kwana ɗaya nawa?
Da ta faɗa na auna shi da buhun masara,
na ce kar ki maimaita, kaji na ji.

Amsa ba ta zo ba.
Wai can dare ya raba, mu ko la'asar sakaliya.
Na zauna ina lissafi.
Rabon da wani ya dafa mini ruwa
tun jegon shi Mudassir ɗin,
shekarar da gada ta karye.

Sai ga yaro da gudu, ƙafa duk taɓo:
matar Ɗanliti ta sauka, mace ce, lafiya lau.
Na dafa rumbu na miƙe,
gwiwar ta yi ƙarar da ta saba.

Na ce, Sahura, rubuta masa na uku,
gidan tsohuwar nan.
Ki ce ya gaya mata in na zo
ba zan taɓa komai ba, zama kawai zan yi
har yatsuna su yi yaushi.

In kin gama ɗauko ashana.