Kwalba ta Biyu

Reshe guda na roƙo a lambun Sallau,
can bakin kogi, gabas da Ringim, wata Laraba.
Na soka shi a gindin randa,
inda ruwan alwala ke zuba.
Kafin wata biyu na'a-na'a ta ci wurin,
kamar baƙuwar da ta zo kwana ɗaya ba ta tafi ba.

Iya Tambai ce ta jiyo ta katanga.
Yana ta rufe idonta tun shekarar ambaliya,
hanci ne ya gaji aikin.
Ta ce, "Lantana, wannan ganyen ya fi ƙarfin shayi.
Akwai mai a jikinsa, sai dai ba ya fita da gardama,
lallashi yake so, kamar ɗan yaye.

Ki tsinka da hantsi, bayan raɓa ta kama gabanta.
Ki wanke, ki baza a faifai, cikin inuwa,
rana ɓarauniyar ƙamshi ce.
Kada ki sa man ƙuli, bakinsa ya cika yawa,
zai danne maganar ganyen.
Nemi na riɗi, shi ne mai kunya."

Na ce to.
Amma ni ɗin nan, ko tuwo ban iya jira ya huce ba.
Da lemarsa na danƙara shi a kwalbar zuma,
na tuttula mai, na toshe, ban waiwaya ba.
Kwana shida, sai ga fumfuna ta yi gemu a wuyan kwalba,
warin ko akuyarmu ba ta yarda da shi ba.

Iya ta shinshina daga nesa, ta yi dariya har da tari.
"Ruwa da mai ba sa zaman gida ɗaya.
Kin aurar da ganye da jiƙaƙƙen zane.
Kuɗin riɗin ya tafi, ki ɗauka kuɗin makaranta ne."

Na sake.
Wannan karon na bar shi ya yi yaushi,
ya yi laushi kamar kunnen ɗan maraƙi.
Na sa a ƙaramin turmi, ban daka ba,
na dai taɓa shi da taɓarya, yadda ake tashin mai barci.
Ƙamshi ya miƙe tsaye a tsakar gida,
har Ilu ya leƙo daga zaure yana tambayar kofi.

Mai ya sha kan ganye da yatsa biyu.
Na ɗora a bakin taga, inda ɗumi ke zuwa ba ƙuna.
Kullum bayan Azahar in girgiza sau uku,
in ɗaure hannuna a baya, kada ya buɗe.
Mako guda na tace da farin ƙyalle,
na matse har wuyan hannuna ya amsa,
na zuba sabon ganye, na koma jira.

Ran da ya nuna, kore-kore cikin ruwan zinariya,
na rufe shi da gefen mayafi na zaga gidanta.
Na iske ta kwance, mura ta toshe ƙofar,
hancin da ke gane hadari tun yana Taura
yau bai san kwalba daga buta ba.

Ta yi shiru. Ni ma na yi.
Wa zai duba mini aikin?

Sai ta turo goshi.
Na ɗiga a yatsa, na murza a gefen kanta,
na bi bayan kunne, na sauka wuya.
Zakara ya yi cara, wani ya amsa a unguwar maƙera.
Can ta lumshe idon da ba ya gani,
ta ce, "Wa ya buɗe taga?"

Ba kowa, Iya.
Tagar a rufe take.