Rajistar Ɗakin Ƙuna

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin nan,
bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi.
Ni ke rubuta sunan wanda ya shigo,
ni ke ja masa layi ranar fita,
ko da ƙafarsa, ko a makara.

Shafukan farko warin kananzir suke yi:
fitilar ƙwai, risho,
galan da aka surka da fetur
aka sayar wa matar da ba ta sani ba.
A lokacin in wuta ta ci rabin mutum
sai mu rage murya,
mu ce wa dangi su kira na nesa.

Yanzu tukunyar gas ce, da janareto,
da tankar da ta kife a hanyar Kumo
jama'a suka ruga da bokitai.
Wutar ba ta tuba ba, riga ta sake.

Hammajo, bakanike daga Bolari,
ya zo fata na saɓulewa daga damtsensa
kamar ɓawon dafaffen dankali,
an shafe shi da ɗanyen ƙwai da man goge baki.
Da tafin hannu muke awo,
tafi ɗaya, kashi ɗaya cikin ɗari.
Na ƙirga arba'in da biyu a jikinsa,
na ɗiga biro kusa da sunansa,
ɗigon da nake yi wa wanda na cire wa rai.
Ba wanda ya san ma'anarsa sai ni.

Ledar ruwa na bin ledar ruwa.
Zazzaɓi ya zo, ya tafi, ya dawo da gayya.
Likita ya ɗebo fata daga cinya ya dasa a ƙirji
yadda ake dashen shinkafa a Daɗin Kowa,
muka zauna jiran ko za ta kama.
Dudu, matarsa, ta sayar da keken ɗinki
ta mai da shi bandeji da wake da kifi.
Kowace safiya wajen wankin miki sai ya zage ni,
kowace la'asar sai ya ba ni haƙuri.

A gadon kusa da taga, Baba Yila na Kaltungo,
ƙunarsa ba ta kai rabin ta Hammajo ba,
amma ga shekara saba'in,
ga kwana huɗu a gida ana gwada na gargajiya.
Shi ban yi masa ɗigo ba.
Daren Laraba na ja masa layi.

Kwana saba'in da ɗaya Hammajo ya miƙe.
Yatsu biyu sun manne, wuya ba ya juyawa hagu.
Ya ce, “Sista, sifana ba ta tambayar kyan hannu.”

Ɗalibai kan zo su ƙirga layukana,
su ce masu fita da ƙafa sun ƙaru.
Gaskiya ne, sun ƙaru.
Sai dai lissafinsu bai san kuɗin keken ɗinki ba,
bai san yadda mutum ke kauce wa madubi ba.

Na koma shafin, na murza ɗigon da yatsa.
Biro ne, ba ya fita.

Ga a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofa,
an naɗo wani cikin jiƙaƙƙen zane.
Na buɗe sabon shafi,
na rubuta suna da unguwa,
na rufe biron.