Daren da Wuta ta Ɗauke a Rafin Daɗi

Mun baje tabarma gaban talabijin,
gyaɗa a faranti, sauro na kai mana gaisuwa.

Fim ɗin dai irin wanda muka saba:
farar yarinya mai dogon hanci,
an ba ta mota, an ba ta hawaye,
an hana ta magana mai tsawo.
Ƙawarta baƙa, tabarau kamar gindin kwalba,
ita ke da lissafi, ita ke riƙon jaka,
har aka kusa tashi ba mu ji sunanta ba.

Inna ta ce, "Taura biyu ba ta taunuwa.
Ko kyau, ko kai."

Sai wuta ta ɗauke.
Janareto ya yi tari uku, ya yi gum.
Yayyena maza suna ja, suna ɗora wa fetur laifi.

Barira ta miƙe,
kwalli a ido, lallen bikin jiya ja wur a tafi,
ta ce in haska mata da waya.
Ta kwance filogi, ta hura,
ta goge shi da bakin zane.
Ja ɗaya, duk lungun ya ji.

Hoto ya dawo, farar na nan tana kuka.
Ni kam idona ya ƙi komawa.
Ina kallon baƙin mai a kan jan lalle,
ina tunanin ranar da mai kyamara
zai ratso Katsina, ya iso ƙofarmu,
ya yi sallama, ya tuɓe takalmi.

Barira ta damƙi gyaɗa, ta ce,
"Matsa, kin tare mini."